Barewar da Na Yanka a Ingila

Shekarun baya, lokacin ina tuƙa wani attajiri a nan Jidda, na ga tsoron da har yau ban manta da shi ba. Shi ne kafilina, wato mai tsaya mini a ƙasar, iƙamata, takardar izinin zamana, a hannunsa take. Gidansa na unguwar Safa, ni kuwa ina Ammariyya da matata da yaranmu. Ranar da ya ce halas, wato shi ke nan, zamanmu a Jidda ya ƙare.

Wata shekara da zafi ya tsananta, ya ce in raka shi da uwargidansa Ingila wajen ɗansa mai karatu. Matata ta ce, "Malam, ƙasar da ba ka jin bakinsu, ka yi ta kallo kawai, kada ka sa hannu a komai." Na yi mata dariya, wai ni da na ƙetaro Sahara za a koya wa zaman baƙunta.

Ba Landan muka sauka ba, wani ɗan gari ne mai kasuwa. Ɗan maigida ya ce wani sarkinsu na dā ne ya ba su izinin cin ta, tun ana koro tumaki ana sayar da ulu. Sau ɗaya take ci a mako kamar ta ƙauyenmu, a dandalin gaban tsohuwar cocinsu. Ga cuku, ga ƙwai, ga furanni, amma ba mai taya kaya, abin da aka rubuta shi za ka biya. Abin da ya fi ɗaure mini kai dabbobinsu ne. Manyan agwagi farare masu dogon wuya na yawo a kogi ba mai harararsu, zomaye na kiwo a bakin hanya, maƙwabciyarmu har abinci take ajiye wa bushiya a kwano. Na ce a raina, garin nan nama ke yawo ba mai shi.

Wata ranar kasuwa da hantsi na sauke uwargida a dandali, na juya ɗauko maigida. Hanyar siririya ce, ta ratsa cikin kurmi. Sai motar da ke gabana ta banke wata barewa ta wuce abinta. Na tsaya. Ƙafafun barewar na baya sun karye, tana jan numfashi tana kallona. A wajenmu wannan ba abin shawara ba ne, ka yanka ta ta huta kafin ta zama mushe. Na ɗauko wuƙar yankan lemo a kwandon uwargida, na kintaci alƙibla, na yi bisimilla.

Ina ɗagowa na ga wata tsohuwa da karenta, ta toshe baki da hannu. A nan na ga kaina yadda ta gan ni: baƙo, baƙin mutum, wuƙa a hannu, jini har gwiwar hannu. Na yi ta nuna mata barewar ina zuba Larabci da Hausa, ita kuwa tana ja da baya. Ban tafi ba, don gudu ya fi muni. Ba a jima ba 'yan sanda suka iso.

A ofishinsu aka ajiye ni kan benci. Wani ya kawo mini shayi da madara, na kasa sha, na ɗauka irin karamcin da ake yi wa wanda za a rufe ne. Ba kurkukun Ingila nake tsoro ba. Matata da yarana nake gani a tarhil, inda ake tara waɗanda za a kora ƙasarsu, su da ba su san ko hanyar garinmu ba.

Ɗan maigida ya zo ya yi tafinta. Ɗan sandan ya tambaye ni me ya hana in kira hukuma. Na ce, "Gaya masa ban san ana kira ba, kuma abin da ke mutuwa ba ya jira." Suka aika mai kula da kurmin ya duba, ya tabbatar mota ce ta karya ta. Suka riƙe wuƙar, suka ja mini kunne, suka sallame ni.

Maigida na zaune a mota a waje. Bai ce mini uffan ba, ran nan da kashegari, har muka dawo Jidda. Ga iƙamata ta kusa ƙarewa, shi kaɗai zai sabunta ta. Da zai zage ni da na ji sanyi. Na daina barcin kirki, tuwo ya daina wuce mini. Wata rana na dawo gida na tarar matata ta fara jera kwanukanta a kwali. Ba ta ce ai na gaya maka ba, wannan ya fi yi mini ciwo.

Sai wata la'asar muna cikin cunkoso, ya yi gyaran murya daga baya.

"Barewar nan, ka yi bisimilla?"

Na ce, "Na yi, ya ammi," yadda ake kiran babba a nan.

"To naman fa?"

"Sun hana."

Ya girgiza kai ya ce asara, ya bushe da dariya, ya miƙo mini iƙamar ta kan kafaɗata. Ashe tuni ya sabunta ta, tana aljihunsa, ya manta ne kawai. "Yalla, tuƙa," in ji shi. Na taya shi dariya, don in kafili ya yi dariya kai ma yi kake.

Yanzu yarana na tsokanata da sarkin fawan Ingila, ni ma ina dariya. Ban taɓa nadamar yankan ba. Abin da ya tsaya mini shi ne makonnin da gidana ya yi ba barci saboda mantuwar mutum ɗaya, shi bai ma sani ba. Da na kai wa matata albishir ta ce alhamdu lillahi, ta fito da tukwane biyu. Sauran kayan ta bar su a kwali, ta tura ƙarƙashin gado.