Tayoyin Yaya

Har yau in na ji ana sace iskar taya, wannan tsss ɗin nan, sai na saki abin da nake yi. Ko ciniki nake yi a bakin titi sai na waiga. Na san ba zan ga wanda nake nema ba, amma wuyana ba ya jin magana.

Yayana direba ne. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, shi ya aurar da ni daga garinmu Aujara zuwa unguwar Takur a Dutse. Ƙaramar motar haya yake ja tsakanin Dutse da Kafin Hausa, kuma wallahi da za a bar shi, da a ɗaka zai riƙa kwantar da ita. In ina so in ga haushinsa, sai in ce mata akwala.

Wata rana ya tsaya a ƙofar gidana yana ta danna hon kamar an yi gobara.

"Auta! Fito ki ga taya!"

"Ni ina ruwana da taya, Yaya? Ci ake yi?"

Na dai fito. Daga Kano yake, ya sayo guda biyar har da safaya, 'yan Baljiyam, irin waɗanda aka yi amfani da su a Turai aka turo mana. Ya kama yatsata ya cusa a zanen ɗaya daga ciki. "Ji zurfi. Ji laushi. Wannan ba irin tarkacen da ake sayar wa mutane ba ne." Sannan ya tofa yawu ya goge gefenta da hannun riga, ya nuna mini wani ɗan tambari: dutse mai kai uku, a cikinsa wani abu mai rassa shida.

"Kin san ko mene ne wannan? Rana ce. Rana a kan duwatsu. Don ƙasar zafi irin tamu aka yi ta."

Na ce to, Allah ya sanya alheri. Ba shi kaɗai ba, duk 'yan tasharsu haka suka ɗauka, har rububin masu tambarin nan ake yi.

Yana da wata al'ada kuma, ita ma ta duk direbobi ce. In bazara ta shigo, kafin ya fita lodi sai ya tsuguna da tsinken ashana ya bi tayoyin ɗaya bayan ɗaya yana rage musu iska. Wai zafi yana kumbura taya, in ba ka ba ta wuri ba sai ta fashe. In ya biyo ta gidana ya sha koko, a ƙofata yake yi. Ina daga tsakar gida ina jin tsss, tsss, sai kuma in ji ya ce, "Auta, na wuce."

A bazarar da ta biyo baya ne, bayan azahar, lokacin da kwalta take har ƙyalli don zafi, tayar baya ta fashe masa gaba da Jahun kaɗan. Motar ta yi ta ƙundumbala. Fasinjoji sun ji ciwo amma sun rayu, shi ko asibiti ba a kai da shi ba. Kowa ya ce kwana ne ya ƙare, ni ma haka na ce, kuma haka ne. Motar an sayar wa 'yan gwangwan. Tayoyi huɗun da suka rage aka kwance su da ƙarafunansu aka jingine a rumfar Inna, mahaifiyarmu, a Aujara, aka ce gadon ɗansa ne in ya girma. Lokacin yana makarantar sakandare.

Shekaru suka tafi. Na fara sana'ar zoɓo da kunun aya, na sayi firiza. Ranar da aka kawo ta, na sunkuya zan murɗa abin da ake ƙara sanyi, sai na ga wani ɗan zane a jikinsa, mai rassa shida. Na tsaya. Na goge shi da bakin zanina kamar yadda Yaya ya goge nasa. Innalillahi! Shi ne, sak. Me rana take yi a jikin firiza?

Ko mayafin kirki ban ɗauka ba na faɗa gidan maƙwabciyata, wata ma'aikaciyar jinya da ta yi karatu a ƙasar sanyi. Na zana mata abin a ƙasa da yatsa, har da dutsen. Ta ce ai alamar dusar ƙanƙara ce. A can, in ji ta, mota tana da tayar sanyi da tayar zafi, ana sauyawa in lokaci ya juya. Ta sanyi an yi robarta da laushi don ta kama hanya cikin ƙanƙara, in ta hau kwalta mai zafi sai ta ƙara saki, ta yi saurin cinyewa, balle wadda ta riga ta tsufa kafin ta zo. Na tambaye ta zancen rage iska. Ta riƙe baki, ta ce ai taya in ba ta cika ba ta fi murɗewa, ta fi ɗaukar zafi, ta fi saurin fashewa.

Na dawo gida na zauna kusa da firizar na yi kuka kamar ranar aka yi rasuwar. Ba zan rantse in ce tambarin nan ne ya kashe shi ba, ko tsinken ashana, Allah kaɗai ya sani. Amma haushi ya cika ni, na rasa wanda zan ji haushinsa. Mutumin da bai taɓa ganin ƙanƙara ba sai a cikin kofi, ta ina zai gane hotonta?

Ban faɗa wa kowa ba, sai da Inna ta aiko mini da albishir cewa ɗan Yaya ya sami mota zai fara ja, kuma tayoyin ubansa zai ɗaura mata, don nata sun suɗe. A ranar na hau mota sai Aujara.

Na tarar da shi a tsakar gida, ya zama saurayi sosai, kamannin ubansa har tsugunon. Ya riga ya kai su wurin mai faci an ba su iska, ya wanke su tas sun yi baƙi wuluk.

"Gwaggo, sannu da zuwa. Kin ga kayan Baba? Kamar jiya aka saye su."

Na zauna na yi masa bayani tiryan-tiryan, na firiza, na maƙwabciya, na shekarun da suka yi a jingine suna bushewa. Ya saurara don ladabi, sannan ya kama yatsata. Wallahi yatsata ya kama, ya cusa a zanen.

"Ji zurfi, Gwaggo."

Na fizge hannuna. "Kai, tafi can! Zurfin kabari ma zurfi ne."

Inna ta ce, "Ke Auta, wane irin baki ne wannan? Jayayya kike yi da ƙaddara? Bar yaro ya mori abin ubansa, shi kaɗai ya bar masa."

Na ce zan saya masa wasu, ko firizar zan sayar. Ya ce shi ba kuɗi ne damuwarsa ba, so yake ya hau abin da Babansa ya hau. Gobe da safe za a ɗaura. Ya miƙe ya tafi masallaci sallar la'asar, Inna ma ta shiga ɗaki.

Ni ba mai haƙuri ba ce, kowa ya shaide ni. Na san inda Inna take soke wuƙar layya a jikin danga. Na zaro ta, na taka taya ta farko da ƙafa, na nemi daidai tambarin nan na danna da duk ƙarfina. Roba tana da taurin kai, sai da na hau kanta da nauyina. Da ta shiga, sai tsss. Na ji kamar in na ɗaga kai zan ga Yaya a tsugune. Ban ɗaga ba. Na soki ta biyu, na soki ta uku. Na juya neman ta huɗu, babu.

Inna ta fito tana salati. Na ce, "Inna, ina ɗayar?"

Ta dube ni, ta dubi wuƙar. Ta ce bara ne, wani direba tayarsa ta lalace a bakin hanya, motar cike da mata da goyo, ba shi da safaya. Ta sa aka mirgina masa ɗaya sadaka, ladan ya kai wa Yaya. Ba ta san sunansa ba, ba ta san garinsu ba. Ya dai yi ta godiya, ya ce taya mai tambarin rana aka ba shi.

Me zan ce wa uwar da ta yi wa ɗanta sadaka?

Da ɗan Yaya ya dawo ya ga aikina, bai zage ni ba, da ma zagina ya yi. Ya tattara su ya mayar rumfa. Na sayar da firizar na aika masa da sababbin tayoyi, ya karɓa ya ɗaura, amma har yau in ya shigo Dutse ba ya biyowa ta Takur. Ina ganin wucewarsa wani lokaci daga nesa. Ya yi ta fushinsa, ni dai ina ganinsa yana wucewa.

Ɗayar ce ta hana ni sakat. Duk tashar da na shiga sai na sunkuya ina leƙen gefen tayoyi, har 'yan kamasho suna ce mini, "Hajiya, kuɗi ne suka faɗi?" Nakan ce a'a. In na ga tambarin nakan yi wa direban magana, wasu su ji, wasu su yi dariya. Ta Yaya tana da ɗan tabo kusa da baki inda ta gogi dutse, zan gane ta ko cikin dubu. Ban gan ta ba tukuna, ga shi bazara ta sake shigowa.