Direban da ya koma kujerar gefe

Bana shekara tara ke nan da Allah ya karɓi ran wana, Mamman Lawali, direba a tashar Tanut. Ni malamin allo ne, da ajami nake rubutu, ban taɓa riƙe sitiyari ba. Amma kwanakin baya na ji ana muhawara a rediyo, ko ya dace a riƙa mai da direbobin manyan motoci da na fasinja wurin koyo lokaci zuwa lokaci, ko da sun daɗe da permi, wato lasisin tuƙi, a aljihu. Sai na ajiye alƙalami na ce, da Yaya yana raye, me zai ce?

A zamaninsu takarda ba ita ke sa a kira mutum direba ba. Sai ka yi shekaru kana aparanti, wato yaron mota, a hannun maigida, kana ɗaure kaya, kana haƙe taya in ta nutse a rairayi, kana kallon hannunsa da ƙafarsa. Ranar da ya gamsu da kai, sai a tara direbobi, a raba goro, a yi fatiha, ya sauko daga mazauninsa ya miƙa maka makulli. Wannan shi ne yaye. Kuma akwai ka'idar da kowa ya sani: wanda aka yaye ba ya sake zama a kujerar gefe don a koya masa. Yin haka zubar da girmansa ne, da na wanda ya yaye shi.

Yaya ya tsufa a kan kamiyo, babbar motar kaya, yana ɗaukar gero da dabbobi tsakanin Belbeji, Tanut da Agadas. Ya yaye mutane da dama. Da shugaban direbobin tasha ya gaza, kowa ya san shi za a ɗora. Ba zan ɓoye ba, yana son abin. Har ya sa an ɗinka masa sabuwar riga.

Ana cikin haka wani alhaji ya sayo sabuwar motar fasinja mai zuwa Damagaram, ya ba shi. Yaya ya je ya yi jarrabawa, aka ƙara masa izinin ɗaukar mutane a perminsa. A cikin tafiye-tafiyensa na farko, a yankin Olelewa, garken shanu ya faɗo hanya zai tafi rijiya. Tsohon kamiyonsa in yana da lodi, sai ka taka birki har ƙasa, ka sake, ka kuma takawa, sannan ya saurare ka. Haka ƙafarsa ta saba, haka kuwa ta yi. Sabuwar mota ta kafe nan take. Ko saniya ɗaya bai taɓa ba, amma wata tsohuwa ta bugi ƙarfen kujera, goshinta ya fashe. Tana dafe da jini ta ce masa, "Kai ɗan nan, buhuna ka ɗauka mu ne?" Ya durƙusa ya ce, "Iya, ki yafe mini." Ta ce, "Na yafe. Amma ka je ka koyo."

Fasinjoji suka yi dariya, 'yan tasha suka ce tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa. Shi ne kaɗai abin ya tsaya wa a rai. Ya same ni bayan la'asar ina wanke alluna, ya ce, "Malam, takarda ta ce na iya, ƙafata ta ce ban iya ba. Wa zan gaskata?" Na ce ban san mota ba. Abin da na sani, mahaddacin da ya bar tilawa don ya yi sauka, wata rana zai ja baƙi a gaban jama'a ya kakare. Sai ya tashi.

Washegari ya tafi wurin Sule, magidanci mai 'ya'ya, wanda shi da kansa ya yaye, wanda kuma ya daɗe a kan motocin fasinja. Sule ya ruɗe. Ya ce, "Baba, rufa mini asiri. In za a yi, mu fita bayan gari inda ba idon kowa." Yaya ya ce, "A gaban mutane na fasa mata goshi, a gaban mutane zan koya." Da hantsi, tasha cike, ya hau kujerar gefe. Haka suka yi ta zuwa Damagaram suna dawowa, Sule yana nuna masa yadda ake lallaɓa birki, yadda ake shan kwana da masu rai a baya, da inda ya kamata a tsaya don tsoho da mai ciki su huta.

An ce durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, amma 'yan tasha ba su karɓi wannan karin maganar ba. Suka laƙaba wa Yaya Aparanti. In ya shigo, wani ya ɗaga murya, "Aparanti, an sa ruwa a mota?" Ya ce, "An sa, maigida, saura goron yaye." Ranar zaɓen shugaba, dattawa suka ce wanda ya koma gefe ba zai zauna a gabansu ba. Aka ba wani. Ya yi wa sabon shugaba mubaya'a, rigar kuwa sai da salla ya sa ta. Na san abin ya yi masa ciwo, don ya daɗe ba ya zama shan shayi a rumfar tasha. Amma har idonsa ya raunana ya ajiye tuƙi da kansa, ba a sake jin wani ya ji rauni a motarsa ba.

Yau motoci sun fi na da gudu, hanya kuma ta cika da babura. Yaro kan fito daga oto-ekol, makarantar koyon tuƙi, da permi bai taɓa tono taya a yashi ba, tsoho kuma ya hau motar da bai san halinta ba, kunya ta hana shi tambaya. Ina jin da Yaya ya ji zancen rediyon nan, zai ce a yi, gemu ba ya hana ilimi. Sai dai zai ƙara da cewa kada abin ya tsaya a hatimi, a tabbata wani ya zauna kusa da kai ya ga abin da ƙafarka ke yi.

Bai bar gida mai bene ba, bai bar sarauta ba. Watan jiya na raka jikata tasha za ta koma makaranta Damagaram. Na ga direban da furfura, amma wani saurayi ne a kan sitiyari, shi yana gefe. Na ce, "Lafiya, direba?" Ya ce, "Lafiya lau, Malam. Sabuwa ce, shi ya san ta. Mu na hannun Sule haka muka taras." Bai san ni ƙanin Yaya ne ba. Na sa yarinyar a mota, na koma gida hankalina kwance.

Allah ya jiƙan Mamman Lawali, ya sa kabarinsa ya fi kowace kujera faɗi.