Farar da Malama take nema

'Yan ajinmu, farata tana cikin tasar abinci!

Kun tuna wadda na kamo a dutsen Riruwai ranar tattara ƙwari, mai ɗigon shuɗi a fiffike? Malama Rabi ta ɗora hotonta a intanet. Yau ta ce min, "Masana sun kasa gane irinta. Ki kawo ta gobe, jami'a za a kai."

Na ruga gida. Na tarar an wanke kwalbar da na ajiye ta a ciki, har an zuba gishiri.

Inna ta ce, "Wa ke ajiye fara ɗaya tal? Na haɗa ta da sauran farar da za mu ci na soya."

Ga ni gaban tasa ina juya su da tsinke. An cire fukafukai, duk sun yi ja iri ɗaya. Baba kuma yana cewa in miƙo kafin su huce.