Gwaggo Kwali da Karkatacciyar Mota

In ka ga wata gajeriyar dattijuwa a bakin kanti tana ƙwanƙwasa kwalin da aka yar, kamar mai zaɓen kankana, to Gwaggo Kwali ce, kuma lafiyarta ƙalau. Ji take ko ya taɓa shan ruwa. Kwalin da ya jiƙe, in ji ta, ko ya bushe ba ya ƙara riƙon amana.

Ta san kwali farin sani, don a kamfanin yin sa ta ƙarar da ƙuruciyarta, tana naɗewa tana liƙewa. Da wannan aikin ta riƙe 'ya'yanta bayan rasuwar maigidanta, har suka kama gabansu. Da aka rufe kamfanin, 'ya'yan suka ce ta zauna ta huta haka nan. Hutun bai karɓe ta ba. Ta rame, ta koma faɗa da kajin maƙwabta.

Ana cikin haka 'yar ƙaninta ta buɗe wurin ajiye yara, inda 'yan firamare kan zauna bayan an tashi makaranta har iyayensu su taso daga aiki. Ɗaki biyu ne da ɗan tsakar gida a bayan wani kantin magani. Yara na kiran mai wurin Anti Babba. Ita ta ɗauko Gwaggo don ta riƙa sa ido, daga bakinta kuma kowa ya kama kiran tsohuwar Gwaggo, har da waɗanda suka girme ta.

Sa ido kuwa aiki ne ja. Da yara sun gama aikin gida sai kokawa da cizo da "Anti kin gan shi ko?" Rannan Gwaggo ta gaji da rabon faɗa, ta jawo kwalin sabulu daga bayan ƙofa, ta yanka, ta naɗe, ta kafa masa rufi. Kafin ta fitar da taga, ɗakin ya yi tsit. Daga ranar aka samu lokacin kwali, tsakanin gama aikin gida da zuwan iyaye.

Ba ta taɓa sa an sayo komai ba sai 'yan almakasai marasa tsini. Tela na tara mata ƙyallaye, mai sayar da lemo na tara marafan kwalba da bututun sha, mai kanti na ware mata kwali kafin ruwa ya taɓa shi. Gam kuwa da kanta take damawa, fulawa da ruwa a kan wuta, da ɗan gishiri don kada ya yi tsami. Da waɗannan yara suka yi gidaje da jirage da 'yan tsana masu gashin zare, suka yi kacau-kacau da gwangwani da tsakuwa, har mai kantin magani ya aiko a rage.

Doka ɗaya gare ta: ba ta taɓa aikin yaro. Za ta nuna sau ɗaya a nata kwalin, sauran sai da baki.

"Gwaggo, ki liƙa min," in ji yaro yana ɓata fuska.

"Naka hannun fa, aro ka bayar?" Haka take cewa, ta ci gaba da juya gam.

Saboda haka gidajen kan fito a gicciye, jirage da fiffike ɗaya ya fi ɗaya. Gwaggo na alfahari da su ba kaɗan ba. Ta jera su a kan wata kantar katako da jikin bango, tana share musu ƙura da gefen mayafinta.

Iyaye ne abin bai burge ba. An buɗe wani wurin ajiye yara a layin gaba, inda ake sayo kayan wasa a leda, malamai su haɗa, yaro ya tafi gida da abu tsaf kamar daga kanti. Wata uwa ta ce wa Anti Babba ita dai kullum shara ɗanta ke kawo mata gida. Wasu ba su ce komai ba, sai dai aka daina ganin 'ya'yansu.

Wata yamma Anti Babba ta rufe ƙofar ofis, ta zauna kusa da gwaggonta tana murza yatsu.

"Gwaggo, ki yi haƙuri da abin da zan faɗa. Na sayo talabijin, yana nan a kwalinsa. Na kira iyaye ranar Asabar su zo su ga aikin yara. In abin bai gamsar da su ba, za a sauke kayan bangon nan a kafa shi, lokacin kwali ya zama na kallo."

"To, 'yar nan, me kike so in yi?"

"Ki ɗan sa hannu mana. Ki gyaggyara musu. Wa zai sani?"

Gwaggo ta miƙe ta fita abinta. Amma da kowa ya watse, ta tsaya gaban kantar. Tsoro take ji ƙwarai, tsoron komawa zaman gida da na ganin yaran nan sun jeru sun saki baki suna kallon bango. Idonta ya faɗa kan motar wata yarinya, 'yar bakanike, wadda ake kira Tsuntsuwa don ba ta zama wuri ɗaya. Motar ta kwalin shayi ce, tayoyin marafan kwalba, an zura tsinken tsintsiya cikin bututun lemo ya riƙe su. Tayar baya ɗaya an huda ta a gefe, don haka motar na tafiya tana ɗingishi. Gwaggo ta ce a ranta, wannan ɗayar kawai. Ta cire tayar ta huda sabuwa a tsakiya cif, ta daidaita rufin, ta goge gam ɗin da ya zubo. Motar ta fito fes.

Washegari Tsuntsuwa ta shigo da gudu, ta nufi kantar, ta tsaya. Ta duba sama, ta duba ƙasa, ta leƙa bayan kwandon shara.

"Gwaggo, an sace min mota."

"Ga ta nan a gabanki."

Yarinyar ta ɗauka ta juya ta, ta tura a ƙasa. Motar ta tafi santal har bakin ƙofa. Ta bi ta da ido kawai, ba ta je ɗaukowa ba.

"Wannan ba tawa ba ce. Tawa tana rawa."

Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi da ya fi sauƙi. Ta koma lungu ta zauna, ranar ko almakashi ba ta taɓa ba. Gwaggo ta ji kunyar da ba ta taɓa ji ba tun da ta girma. Garin gyaran gira ta tsone ido. Ta tono tsohuwar tayar daga kwandon shara, ta je ta durƙusa gaban yarinyar da ba ta wuce sa'ar jikokinta ba, ta ce, "Ni na taɓa miki. Na yi laifi. Ungo, mayar da abinki." Sai da yarinyar ta ja aji kafin ta karɓa.

Ranar Asabar Anti Babba ta shigo da sabon leshi, ta tarar an shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, an zube kwali da marafai da ƙusoshi da kwanonin gam. Kayan yara na nan a bango yadda suke, a gicciye.

"Gwaggo! Kin kashe ni!"

"Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, 'yar nan. Cire mayafin nan, gam zai ɓata miki shi."

Da iyaye suka hallara, Gwaggo ta miƙe ta ce ita ba ta iya jawabi ba. Kowa ya zauna kusa da ɗansa, yau 'ya'ya ne malamai, mota za a yi. Aka yi dariya, aka ɗan yi noƙe-noƙe, amma wa zai ƙi ɗansa a gaban jama'a? Manya suka naɗe ƙafa a tabarma, gwiwoyi na ƙara.

Bakanike, uban Tsuntsuwa, ya fi kowa cika baki. "Ni da nake sauke inji in mayar? Miƙo ƙusar nan, uwata." Ya ɗora ta a kan marfi ya buga da dutse, marfin ya tsage gida biyu. Ya ɗauki wani, hudar ta fita a gefe. Na gaba ya yi tsalle ya faɗa kwanon gam ɗin matar da ta yi maganar shara, wadda ita ma a lokacin yatsunta sun manne da rufin motarta, ɗanta na ce mata, "Mama, ai na ce kaɗan ake shafawa."

"Baba, a hankali," in ji Tsuntsuwa. "Ba bugu ake ba, murzawa ake. Ka sa alama tukuna."

Ya murza, gumi na ɗiga daga hancinsa, har ƙusar ta ɓulla. Ya ɗaga marfin yana nuna wa na kusa da shi kamar ya ci kyauta. Sannan ya jawo motar 'yarsa mai ɗingishi, wadda a da in ya ga irinta a gida yakan ture da ƙafa, ya daɗe yana duba ta ciki da bai.

"Ke kaɗai kika huda duka huɗun?"

"Ni kaɗai. Har na soke yatsa, ka gani."

Ya kama yatsan ya duba. Ya juya wajen sauran iyaye, ya ce, "Jama'a, 'yata ce ta yi wannan." Gwaggo ta sunkuyar da kai tana juya gam ɗin da ba ya bukatar juyi, daɗi ya cika ta har wuya.

Ana tsakiyar tseren motoci, na iyaye na kifewa yara na ihu, sai ga mai haɗa talabijin da tsani da na'urar huda bango. Ya tsallake tabarmi ya sami Anti Babba a durƙushe, leshinta duk fulawa, wani ɗan aji ɗaya na yi mata faɗa kan ta liƙa ƙofa a juye.

"Hajiya, wane bangon zan huda?"

Ta ɗaga kai ta dubi bangon, ta dubi iyayen da ko ɗaya bai tashi tafiya ba, ta dubi gwaggonta.

"Kai shi gidana," in ji ta. "Nan babu wuri."

Mutumin ya sungumi kayansa da kwalin talabijin ɗin ya juya. Gwaggo ta tashi da saurin da ba a san tana da shi ba, ta tare shi a bakin ƙofa, ta ƙwanƙwasa ƙaton kwalin da ɗan yatsa, ta kasa kunne.

"Ɗana, tafi da na cikin. Wannan ka bar mana, gareji muke so."