Laftof ɗin Auta

A layin masu gyara, tsakanin mai sayar da caja da mai buga takardu, nan shagon Mai-Fanka yake. Sunan ya bi shi tun yana saurayi, lokacin da bai iya komai ba sai kwance kwamfuta ya hure ƙurar fankarta ya mayar. Yanzu furfura ta fara leƙowa a gemunsa, kuma da wuya a kawo masa injin da bai taɓa ganin hanjin irinsa ba. Shagon ɗan ƙarami ne: tebur mai tabon dalma, kujerar da aka ɗaure ƙafarta da waya, kwali cike da matattun batura, da gwangwanin madara da yake tara sukurori a ciki.

Duk layin an san shi da abu ɗaya. In ka kawo tsohuwar kwamfuta tana jan ƙafa, sai ya yi maka wa'azin Linux. Ita ce babbar manhajar da ke tuƙa kwamfuta, kyauta ake samunta, kowa na iya leƙa cikinta ya gyara. Iri-iri ce, kamar 'ya'yan mutum ɗaya da kowa ya kama gidansa. Shi dai tun farko ya riƙe guda ɗaya, ya raɗa masa suna Dattijo, domin ba ya rawar kai wajen karɓar sabon abu, kuma ba ya faɗuwa.

"Ka sa shi ka manta da shi," haka yake cewa. "Sai dai injin ya mutu ya bar shi."

Mahaifinsu ya rasu ƙanwarsa Auta tana firamare, don haka a hannunsa ta tashi. Kwamfutarta ta farko shi ya harhaɗa mata daga gawarwakin da masu su suka ƙi dawowa ɗauka, ya sa mata Dattijo. A kanta ta koyi rubuta manhaja, har ta yi masa nisan da in ya kalli allonta ba ya gane komai sai launi. Wannan bai taɓa damunsa ba. Da ta samu aiki a wani kamfanin rubuta manhaja, har mai shara a layin sai da ya ji labari. Rubutu nata ne, amma inji nasa ne. Ko madanni ɗaya ya maƙale, waya za ta yi ƙara: "Yaya, kana shago?"

Wata ranar Asabar ta shigo da sabuwar laftof, siririya, ledar jikinta ma ba a ɓare ba. Mai-Fanka ya goge hannu a riga, ya ciro filas, ɗan abin adana bayanai da Dattijo ke ciki, ya soka. Manhaja ta sauka lafiya. Amma laftof ta ƙi ganin intanet, lasifika ta yi gum, in an rufe murfin kuma aka buɗe sai allo ya tsaya baƙi ƙirin.

"Bar min ita," ya ce. "Taurin kai ne na sabon abu."

Auta ta shiga wasa da bakin mayafinta. "Yaya, Mai Tabarau na ofishinmu ya ce dama haka za ta yi. Wai kayan cikinta sababbi ne, Dattijo bai san su ba tukuna. Ya ce in sa wanda ake sabuntawa kullum."

"Ɗan Gaye ke nan," in ji Mai-Fanka, don haka yake kiran wannan irin. "Yau lafiya, gobe a asibiti. Wane ne kuma Mai Tabarau?"

"Abokin aiki ne kawai."

Wannan "kawai" ɗin bai kwanta masa a rai ba. Ya riƙe laftof ɗin kwanaki, ya ture aikin mutane gefe, har mai buga takardu ya leƙo ya tambaya ko lafiya. Ya samu lasifika ta yi magana. Intanet kuwa sai da ya soka mata wata 'yar na'ura a gefe, ta fito zungui kamar haƙorin da ya kauce layi. Murfin ne ya gagare shi.

"Kada dai ki rufe ta," ya ce da ya miƙa mata. "In kin gama ki kashe."

Ta karɓa ta yi godiya. Mako na zagayowa ta dawo, ta ajiye laftof a tebur, ta rufe murfin ta buɗe a gabansa, allo ya haska nan take. Sannan ta ciro 'yar na'urar nan daga jaka ta ajiye masa kusa da gwangwanin sukurori.

"Ga kayanka, Yaya, ƙila wani ya buƙata. Laftof ɗin ta mutu min ne ana tsakiyar taro, shi ne Mai Tabarau ya sa min Ɗan Gaye kafin a tashi. Komai ya kama da kansa." Ta yi dariya, ba ta lura da fuskarsa ba. "Kai, har na huta. Dama kayan rubutuna duk tsofaffi ne a kan Dattijo, na daɗe ina fama, sai na yi ta dabara kafin aikina ya yi daidai da na sauran."

"Kin daɗe? Me ya hana ki faɗa min?"

"To, na ga kana son shi."

Ranar bai iya cin abincin rana ba. Laftof ɗin ba ta ƙona masa rai kamar wannan maganar ba. Ashe lallaɓa shi ake yi, kamar tsohon da ake bari ya ci wasa don kada ya yi fushi.

Daga nan ya shiga jira. Duk sanda suka haɗu a gidan Mama sai ya tambaya, "Ya laftof?" Ta ce lafiya lau. Sai ya ji kamar an ba shi labarin asara. Matarsa ce ta fara gano shi.

"Ni da ka aura ba ka taɓa yin kishi a kaina haka ba," ta ce tana ninke kayan yara. "Yarinya ta samu mai taimaka mata, ka bi ka rame."

"Wane kishi? Injin nake tausayi."

"To Allah ya ba injin lafiya."

Abin da yake jira ya zo wata safiya. Mama ce ta kira a kan maganin ƙafarta, a cikin hira ta ce Auta ba ta fita aiki ba, wai kwamfutarta ta ƙi tashi bayan sabuntawa. Mai-Fanka bai san sanda ya ja ƙofar shago ba. Ya ɗauki jakar kayan aiki ya hau babur, yana tafe yana shirya maganar da zai yi. Ba zai ce "na faɗa miki" ba. Shiru kawai zai yi, ya gyara.

Ya tarar da baƙon takalmi a ƙofar falo. A ciki wani siririn saurayi mai tabarau na zaune a gefen kujera, laftof na kan tebur tana aiki abinta, Mama kuma sai fara'a take yi. Saurayin ya miƙe da sauri ya ba shi hannu biyu.

"Yaya, barka da zuwa. Ai ƙaramin abu ne, mun mayar da ita yadda take jiya, ta tashi."

Mai-Fanka ya amsa da ƙyar. Wa ya ba wannan izinin kiransa Yaya? Ya zauna da jakarsa a cinya, bai ko zuge ta ba. Ya ƙare wa yaron kallo yana neman aibi: agogo, aski, yadda yake riƙe kofi. Bai samu ba, abin ya ƙara ba shi haushi.

"Auta ta ce kai ka koya mata komai a da," in ji Mai Tabarau.

Yabo ne, kowa a falon ya ji yabo. Shi kuwa "a da" ɗin kawai ya ji.

Da maganar auren Auta da Mai Tabarau ta taso, Mai-Fanka ne a matsayin uba. Ya yi bincike fiye da kima, ya tambayi maƙwabtan yaron, ya tambayi har mai gadin ofishinsu. Kowa alheri yake faɗa. Mama ta ce masa, "Kai dai ka ce ba ka so a ɗauke maka ita, ka daina wahalar da babur." Ya ba da ita, ya yi hidima fiye da kowa, ya kuma yi kuka a bayan motar haya inda ya zaci ba mai ganinsa.

Yana nan a shagonsa har yanzu. Tsofaffin injuna Dattijo yake sa musu, kuma suna zaune lafiya. In aka kawo sabuwa fil, yakan jira mai ita ya fita, sannan ya jawo wani filas daga ƙasan aljihun tebur. Bai taɓa gaya wa kowa abin da ke ciki ba.

Kwanan baya wayarsa ta yi ƙara, ya ga Auta ce, ya ajiye abin narka dalma da sauri.

"Yaya, kana shago?"

"Ina nan. Me ya lalace?"

"Ba komai, gaisuwa ce. Ya yara?"

Suka yi hira, ta ba shi labarin ƙarin girma da aka yi mata, ya yi murna har cikin ransa. Da za su yi sallama ya kasa daurewa. "Ya laftof?"

"Ai na ba ƙanwar maigidana. Shi ya zaɓo min wata, ta fi waccan sauri."

"Allah ya sa albarka," ya ce.

Ya kashe wayar. Sannan ya leƙa waje ya daka wa mai sayar da caja tsawa ya rage ƙarar rediyonsa, mutane na aiki.