Shekarar da Don Fidencio Ya Ƙi Kashe Amininsa

A unguwarmu ta yammacin San Antonio, idan watan Oktoba ya kusa ƙarewa, za ka ga dattawa suna ta kewaya shagon Don Fidencio Arriaga mai gyaran kujeru, alhali babu kujerar kowa da ta lalace. Wani ya ce gaisuwa ya zo, wata ta kawo masa kofi da zafinsa. Abin da suke so su sani ɗaya ne: ko bana zai kashe su?

Kisan na baki ne. Kowane wata akan yi zaman karatu a tsakar gida, bayan shagon burodin goggona Amparo. Marubuta na zuwa da gajerun labarai da waƙoƙi, rabi Sifaniyanci rabi Turanci, yadda mu 'yan Chicano, jikokin waɗanda suka fito daga kudancin iyaka, muke magana a gida. Amma zaman Nuwamba, na Ranar Matattu, na Don Fidencio ne. Bayan an dawo daga share kaburbura, shi ke tashi ya rera calavera, wato baitocin tsokana da ake yi wa rayayye kamar ya riga ya mutu: a faɗi yadda mutuwa ta zo ta same shi, da halin da ta kama shi a kai. Ita ma mutuwar ba a kiran sunanta, Ramammiya ake ce mata.

Tun ina ƙarama abin ke ɗaure mini kai. Goggo Amparo ba ta yarda a ambaci asibiti ana cin abinci, amma har yau tana rera nata baitin tana murza ƙullu:

Ramammiya ta zo wa Amparo da rana,
Ta ce, "Taso, lokaci ya yi, uwar ɗakina."
Amparo ta ja ta da hira har suka kwana,
A kabari ma tana ba ta labarin maƙwabtana.

Na taɓa tambayarta me ya sa take jin daɗin a ce ta mutu. Ta dube ni kamar na tambaye ta me ya sa ake sa gishiri a miya, ta ce in miƙo mata tire.

Don Fidencio gajere ne, mai faɗin kafaɗa, kuma bai cika magana ba. Iyayensa masu bin girbi ne: auduga a nan Texas, sai su hau bayan babbar mota zuwa Michigan tsinkar 'ya'yan itace. Ya ce a bayan motar nan ya fara jin baiti, don mahaifiyarsa kan tsokani sauran ma'aikata da waƙa har yara su manta da yunwa. Da ya girma ya koyi gyaran kujeru, ya buɗe shagonsa tun kafin a haife ni. Yana aiki irin na da. Yakan cika bakinsa da ƙananan ƙusoshi, ya riƙa turo su ɗaya-ɗaya da harshe zuwa kan guduma mai maganaɗisu. Tunda bakinsa a cike yake, mutane sukan zauna su yi ta zuba a gabansa, sun manta yana da kunne. A nan yake tara kayan aikinsa. Ba ya rubuta komai. Yana buga ƙusa yana jera baiti a kansa, shi ya sa baitocinsa ke tafiya da bugun guduma.

Duk shekara baitin ƙarshe na mutum ɗaya ne: Don Tacho Villarreal, tsohon direban bas. Don Fidencio ne ya riƙe 'yar Don Tacho ranar da aka yi mata baftisma, tun daga nan suke kiran juna compadre, kuma a wurinmu wannan ya fi abota nauyi. An kashe Don Tacho a cikin bas ɗinsa ta kowace hanya: ya wuce Ramammiya a tasha ta bi shi a guje, ya hana ta zama a kujerar tsofaffi, ya yi mata faɗa don ta shigo da lauje. Shi kuwa yakan miƙe ya mayar da martani har sai matarsa Doña Eloísa ta ja masa riga.

A shekarar da na gama jami'a na dawo gida, likitoci suka ce Don Tacho na da ciwon daji.

Ni ce mai jera kujeru da haɗa lasifika a zaman karatun. Aikin ya yi mini, don babu mai kallon mai jera kujeru. Ana saura kwanaki a yi taron, na kai wa Don Fidencio wata kujera da auduga ke leƙowa daga cikinta. Na tsaya ina kallonsa yana aiki, har na samu ƙarfin tambaya.

"Don Fidencio, me kuka tanadar wa Don Tacho bana?"

Ya tofa ƙusoshin a tafin hannunsa. "Bana babu Tacho."

"Me ya sa?"

"Ke da kika je jami'a, ki faɗa mini. Mutum na kwance ana ɗura masa magani a jijiya, ni kuma in tashi gaban jama'a in ce ya mutu? In dubi Eloísa da wane ido?"

"Kun je kun gan shi?"

"Na yi masa matashin jingina. Na ajiye a ƙofa."

"Ba ku shiga ba?"

Ya mayar da ƙusoshin bakinsa. Na gane hira ta ƙare.

Da na faɗa wa Goggo Amparo, ta ce ya yi daidai, hankali ke nan. Wanzamin unguwa ma da ya ji, ya ce haka ya kamata. Ni ma a lokacin ban ga laifin abin ba. Abin da kawai na kasa ganewa shi ne, in dai wasan ba ya cutarwa kamar yadda kowa ke faɗa, me ya sa yanzu ake gudunsa?

Ranar taron, da la'asar tsakar gidan ya cika. A jikin bango an shirya teburin matattu: hotunan waɗanda suka rasu, kyandirori, furanni masu ruwan lemo, da burodi mai sukari a gaban kowane hoto. Wani saurayi ya karanta labarin mahaifinsa mai aikin rufin gidaje. Wata tsohuwar malama ta yi waƙa a kan yadda aka riƙa dukan hannunsu a makaranta in sun yi Sifaniyanci, mata na cewa, "Faɗa musu, 'yar'uwa!" A wurinmu ba a sauraro shiru. Idan baiti ya yi daɗi sai an tanka.

Malamar na tsakiyar karatu aka buɗe ƙofar gefe. Doña Eloísa ce ta turo Don Tacho a keken marasa lafiya. Ban gan shi ba tun da bazara, kuma da ba don hularsa ba da ban gane shi ba. Farar rigar da ke jikinsa ta sha guga, amma ta zama kamar ta aro. Mutane suka riƙa janye ƙafafu, suna gaishe shi ƙasa-ƙasa. Ya nuna sahun gaba da yatsa. Na cire kujera ɗaya don keken ya shiga.

Don Fidencio ya tashi ya riƙe lasifika, idonsa a saman kan mutane. Ya kashe wanzami, wai Ramammiya ta zo aski ya yanke ta a kunne. Ya kashe limamin cocinmu a tsakiyar huɗubar da ta ƙi ƙarewa. Ya kashe Goggo Amparo a karo na ban san nawa ba. Ni ma ban tsira ba, wai sai da Ramammiya ta ɗaga mayafin tebur ta same ni. An yi dariya, amma kowa na satar kallon sahun gaba.

Sai ya ce, "Na bana ke nan. Na gode."

Tafin bai yi ƙarfi ba. Yana ƙoƙarin miƙo mini lasifika aka ji muryar Don Tacho, a shaƙe amma sarai.

"Compadre."

Don Fidencio ya tsaya.

"Ni fa?"

"Tacho, bari sai ka samu sauƙi."

"Sauƙi? Na yi wanka, na sa Eloísa ta goge mini riga, an naɗe ni an cusa a mota kamar katifa, don in zo in ji ka kashe wanzami? Wanzamin da ko aski bai iya ba?"

Wanzami ya ce, "Ni me na yi?" Wasu suka yi dariya, suka yi saurin haɗiye ta.

"Compadre, ba wurin wannan maganar ba ne."

"Ina ne wurinta? Gidana? Ka san hanya, ai ka kai matashi. Ina jin takunka ka ajiye ka gudu kamar ɗan aike." Ya tsaya ya ja numfashi. Doña Eloísa ta dafa kafaɗarsa, ya ture hannun a hankali. "A gida kowa sanɗa yake yi. Jikokina sun daina tsalle a gadona. Surukina da bai taɓa yarda da maganata ba, yanzu kome na ce sai ya ce haka ne, Baba. Na ce wa Eloísa akwai mutum ɗaya a garin nan da ba zai yi mini ladabi ba, kai ni wurinsa."

Don Tacho ya ɗaga hannu ya nuna teburin da ke jikin bango.

"Duk wanda ke tsakar gidan nan ka taɓa kashe shi. Su wa ba ka yi wa baiti? Ga su can, da burodinsu a gaba. Can ka ajiye ni, Fidencio? Tun yanzu?"

Na kalli hotunan. Ban taɓa lura ba sai a lokacin: mijin Goggo Amparo na cikinsu, kuma tun shekarar da ya rasu sunansa bai sake fitowa a bakin Don Fidencio ba.

Don Fidencio ya goge tafin hannunsa a wando. "Ban shirya komai ba."

"To shirya. Ba inda za ni, ka ga ƙafafun."

Don Fidencio ya gyara murya ya fara, "Ramammiya ta tsayar da bas a..."

"A'a! Ban da bas. Na gaji da mutuwa a bas. Rabona da sitiyari tun yaushe? Dube ni. Yadda nake yau za ka yi."

Sai Don Fidencio ya sauke idonsa ya dube shi. Ina kusa, na ga kallon. Irin wanda yake yi wa tsohuwar kujera ne idan an kawo ta, daga sama har ƙasa, ba ya tsallake inda ya yage. Ya dubi wuyan da ya yi wa kwalar riga kaɗan, da hannayen, da inda gashin baki yake a da. Leɓensa na motsi ba sauti, yatsansa na buga gefen lasifika. Wata jaririya ta fara kuka aka fita da ita. Sannan ya ce:

Ramammiya ta leƙa gadon Tacho ta tsaya,
Ta ga ƙashi da fata, ba gashi ko ɗaya.
Ta ce, "Ka fi ni rama? Ka ci mini fuska a duniya!"
Don kishi ta sungume shi, ta yi gaba ba waiwaya.

Muryarsa ta karye a kalmar ƙarshe. Goggo Amparo ta rufe baki da hannu, ni kuma ban san ko abin da aka yi yanzu alheri ne ko ɓarna ba.

Don Tacho ya ce, "Ba gashi ko ɗaya? Ƙarya kake yi. Akwai a cikin kunnena."

Sai dariya ta ƙwace masa. Ya yi ta yi har ta koma tari, Doña Eloísa na bubbuga masa baya tana dariya tana share ido da gefen mayafi. Wani daga baya ya saki ihun nan namu mai tsawo, sai tsakar gidan ya ɗauka. Wanzami ya hau kan kujerar da na sha wahalar kaiwa gyara yana tafi.

Don Tacho bai iya zama har ƙarshen taro ba, ya gaji. Na riƙe musu ƙofa, na bi su da jakar Doña Eloísa har bakin titi. Don Fidencio ne ya ɗaga shi ya sa a mota, ya gyara masa ƙafafu. Daga nan ya koma kan keken, ya ja nan, ya danna can, keken ya ƙi naɗewa.

Don Tacho ya leƙo ta taga. "Dubi mai gyaran kujeru. Kujera ta gagare shi."

"Wannan ba kujera ba ce, tarko ne."

"Ja tsakiyar sama, jaki."

Ya ja, keken ya haɗe. Ya sa shi a bayan mota, ya dawo ya tsaya a bakin taga, hannunsa a kan ƙofar.

"Ranar Talata ake ɗura mini maganin," in ji Don Tacho. "Tun safe har azahar. Eloísa ta gaji da kallon fuskata, ni ma na gaji da addu'arta."

"Kai dai ka ji kunya," in ji Doña Eloísa, tana neman makulli.

"Ka zo ka kai ni, compadre. Akwai wata nas mai hannu kamar na maƙeri, ina so ka gan ta da idonka."

Don Fidencio ya ce, "Talata ina da aiki."

"Rufe shagon."

Don Fidencio ya dubi titi, ya dawo da idonsa kan amininsa.

"Ƙarfe nawa zan zo?"