Ranar da na zauna a kan filafilin ƙanina

Shekarun baya, bayan na aurar da 'yata ta fari, na shiga ajin yaƙi da jahilci a nan Garwa. Malamarmu ba karatu kaɗai ta koya mana ba. Wata rana ta buɗe mana taswirar meteo, wato ta hasashen yanayi, a waya. Kore yayyafi ne, ja ruwa mai ƙarfi, in jan ya yi duhu to iska ce mai yaye kwano. Ta nuna mana layin awa da ake ja da yatsa a ga inda hadari ya nufa.

Karon farko na kwashi kunya. Na ga ja a taswirar, na tayar da matan da muke bandar kifi tare, kowa ta kwashe kayanta, ko ɗigo bai sauka ba. Ashe layin na ja har jibi. Tun ranar suka sa mini Madam Meteo.

Wata rana da damina, bayan azahar, ƙanina mai kwalekwale zai ƙetare da mata zuwa gonakinsu a hayin Binuwai. Na duba wayar sau uku, na duba awa. Jan nan mai duhu yana tahowa daga gabas, kafin su dawo yana kanmu.

Na ce, "Yau ba ka shiga ruwa."

Ya ɗaga kai sama. "Adda, dubi gabas, a wanke take. Ko kin sake leƙa jibi ne?"

Matan suka kwashe da dariya. Na ɗauki filafilinsa na zauna a kai. Ya san ni, sai ya ja tsaki ya ɗaure kwalekwalen.

Matan suka koma kwalekwalen wani dattijo. Maƙwabciyata tana shiga ta waiwayo tana murmushi, ta ce, "Madam Meteo, mu tafi ko mu zauna?"

Dariyar nan tana cina. Na ce, "Ni dai nawa na hana. Ku kun fi ni sani."

Bayan la'asar gabas ta haɗe baƙi ƙirin. Iskar ta same su a tsakiyar kogi suna dawowa, kwalekwalen ya kife. Masunta suka ciro kowa, ban da maƙwabciyata. Sai washegari aka same ta.

Ajali ne, na sani, Allah Ya jiƙanta. Amma tambayata ta yi, ni kuma na bar fushi ya amsa mata. Bakin nan nawa da unguwa ke tsoro, ranar da ya kamata ya yi aiki sai ya tsaya a kan ƙanina kaɗai.

Yanzu kowace safiyar damina nakan duba taswirar. In na ga jan nan, bakin kogi nake zuwa, in bi kwalekwale ɗaya ɗaya ina gargaɗi, wanda na sani da wanda ban sani ba. Wani lokaci ruwan ya kauce, a yi mini dariya. Su yi. 'Ya'yanta har yau suna gaishe ni, ban kuma taɓa iya gaya musu abin da na ce mata ba.